Musayar Waƙa: Biden, Carbi da Dokar Zubar da Ciki

Mai Alƙalami:
Jama'a, maudu'in wannan makon shi ne abin da Joe Biden, mataimakin shugaban Amurka a lokacin, ya faɗa kan zubar da ciki a muhawararsa da Paul Ryan, mai neman kujerarsa, a 2012, kuma amsa-amonmu "wa" ne.

Biden ya ce rai tun daga ɗaukar ciki yake somawa,
Domin haka cocinsa na Katolika yake koyarwa,
Amma ya ce ba zai ɗauki doka ya cusa aƙidarsa ga kowa,
Tunda Musulmi da Bayahude suna da nasu abin gaskatawa.

Ɗan Malam:
Yaya, na ji, amma wannan riga tana da wurin yagewa.
Wanda ya gaskata cewa ɗan tayi rai ne mai motsawa,
Ta yaya zai bar wa mutane zaɓin kashewa ko rayawa?
A 2019, a South Carolina, wani fada ya ƙi amincewa,
Ya hana shi Jibin Ubangiji, gurasar ibadar coci, ya ce goyon bayan zubar da ciki ya saɓa wa abin da coci ke koyarwa,
Alhali shi da carbin marigayi ɗansa Beau ba sa rabuwa.

Uwar Gida:
Ƙanena, fada yana da iko a cocinsa, ban yi musun wannan ba kuwa,
Amma Fadar White House ba Paparoma ne ke naɗawa.
Tun 1791 tsarin mulkinsu ya hana gwamnati addini kafawa,
Kuma a 1960 Kennedy, ɗan Katolika mai neman shugabanci, ya tsaya gaban fastocin Houston yana shaidawa
Cewa babu bishop ɗin da zai faɗa wa shugaba abin aikatawa.
Ko malamanmu sun saɓa kan cikin da bai kai kwana 120 na busa rai ba, in kana tunawa:
Wasu Hanafawa sun sassauta, Malikawa kuwa suna tsanantawa.
To fatawar wa za a mayar doka a ƙasar da addinai ke cuɗewa?

Ɗan Malam:
Yaya, hujjarki ta zauna, kuma Kennedy ban da abin cewa,
Sai dai tarihin Biden ne ya hana zuciyata kwantawa.
Shekara da shekaru dokar Hyde ta 1976 yake goyon bayanta da tsayawa,
Wadda ta hana kuɗin tarayya biyan yawancin zubarwa,
Sai a Yunin 2019, yana neman tikitin jam'iyya, aka ga ya yi juyawa.
Cocin bai sauya ba, tsarin mulkin ma bai yi motsawa,
Abin da ya sauya shi ne masu ƙuri'ar da yake lallaɓawa.

Mai Alƙalami:
Da Kotun Ƙoli a 2022 ta soke hukuncin Roe, wanda ya ba mata 'yancin zubar da ciki, ta bar wa jihohi yankewa,
Biden ya nemi majalisa ta mayar da shi doka, ba ta samu ƙuri'un cikawa,
Ranar Lahadi kuma aka ci gaba da ganinsa a coci yana durƙusawa.
Uwar Gida, batun Hyde yana gabanki, muna jiran amsawa.