Mara lafiyata yana rataya a kan sanda da hammata, ya zan yi da shi?

ɗalibar_nas:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni ɗalibar nas ce, wannan watan aka turo mu ɗakin masu karaya, kuma gaskiya abin da aka koya mana a aji kan sandar dogarawa layi biyu ne kawai, sai da na zo na ga ashe aiki ne babba. Akwai wani saurayi a gadona da ya karye a ƙwauri, an sa mishi siminti, likita ya rubuta kar ya taka ƙafar ko kaɗan. An ba shi sanduna biyu irin masu shiga hammata, kwana uku kenan yana yawo da su, amma duk lokacin da ya tsaya sai ya saki jiki gaba ɗaya ya rataya a kansu, yau kuma da safe ya ce min hannunshi na dama yana mutuwa, bayan hannun kamar ana tsira mishi allura. Na yi mishi magana ya ce ai haka kowa yake yi. Sannan jibi za a sallame shi kuma a bene yake zaune. Dan Allah manya a taimaka, me zan duba, kuma ya ake koya wa mutum hawa da sauka ba tare da ya faɗo ba?

sista_ɗakin_ƙashi:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Maganar hannun nan kar ki bar ta ta kwana, ki faɗa wa sistar da ke kan duti yanzu kuma a rubuta a fayil. A hammata akwai tarin jijiyoyin da ke tafiya hannu, in mutum ya ɗora nauyinshi a wurin yana danne su ne, wadda ta fi shan wahala ita ce wadda ke ɗaga wuyan hannu da yatsu. Farko jin allura-allura ne kamar yadda ya faɗa, in aka ci gaba sai ki ga wuyan hannun ya faɗi ya kasa ɗagawa. Ki ce ya miƙe hannu ya ɗaga tafin sama kamar mai tsayar da mota, ki gwada da ɗaya hannun ki ga ko akwai bambanci. Yawanci in aka cire dannin yana dawowa, amma wani yakan ɗau makonni ko watanni, kinga mutum ya zo da ƙafa ɗaya ya koma da ƙafa da hannu.

Kuma kafin ki ga laifinshi ki fara auna sandar, don sau da yawa ba taurin kai ba ne, sandar ce ba a gyara ta daidai da shi ba, an zaro ta daga sito an miƙa mishi shikenan. Ki tsayar da shi da takalmin da zai riƙa yawo da shi, kafaɗu a sake. Tsakanin kan sandar da hammatarshi ya kamata yatsunki biyu zuwa uku su shiga, wajen santimita 4 zuwa 5. In ya saki hannu ƙasa, mariƙin ya zo daidai wuyan hannunshi, ta yadda in ya kama gwiwar hannun za ta ɗan lanƙwashe kaɗan, kamar digiri 20 zuwa 30, ba a miƙe sak ba kuma ba a naɗe ba. In mariƙin ya yi ƙasa da yawa dole ya faɗa kan hammata ko yana so ko baya so, in sandar ta yi tsawo kuma ita da kanta za ta tokare shi. Ƙasan sandunan su sauka wajen santimita 15 gaba da ƙafa da kuma gefe, shi ne zai ba shi faɗin tsayuwa.

Abin da nake faɗa musu shi ne kan sandar ba kujera ba ce, haƙarƙari ake jingina shi, a matse shi da damtse, nauyi kuma tafin hannu ne zai ɗauka. Ni har takarda nake sa wa a hammatar in ce in takardar nan ta murƙushe ka faɗi jarrabawa, suna dariya amma suna riƙewa.

Tafiyarshi tunda ba zai taka ba: sanduna biyu gaba tare, ƙafar mai ciwo a sama ba ta taɓa ƙasa, ya danna hannu ya kawo lafiyayyar. Taku ƙanana. Samari su ne matsala, da sun gane sai su fara lilo suna wuce sandar da nisa.

Ke kuma ki tsaya bayanshi ta gefen ƙafar mai ciwo, hannunki a bel ɗin ƙugu in kuna da shi, kar ki riƙe mishi hannu ko sandar don kin hana shi aiki kenan. In ya taho faɗuwa kar ki ce za ki ɗauke shi, ki jawo shi jikinki ki sauke shi ƙasa a hankali, bayanki ma amana ne.

na_taɓa_karyewa:

Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne amma na yi wata biyu da rabi a kan sandunan nan, bari in faɗa miki ta ɓangarenmu. Malama wallahi tafin hannu ciwo yake, satin farko har kanta na yi, kafaɗa kamar an yi min duka, shi ya sa mutum yake rataya ba wai bai ji magana ba. Abin da ya taimake ni, wata nas ta ce in na gaji in nemi wuri in zauna ko in jingina baya da bango, kar in huta a kan sanda. Kuma ta sa ni ina zaune a gado ina danna hannu biyu ina ɗaga jikina sama, tun ina yin uku har na kai goma sha biyar.

Faɗuwata ɗaya kuma a banɗaki ne, ruwa kaɗan a tayil, sandar ta zame kawai na ji ni a ƙasa. Da aka duba ashe robar ƙasan ta cinye har ƙarfe ya fara leƙowa ni ban taɓa juya ta na gani ba. Ki ce mishi ya daina sa silifas, ya samu takalmi mai rufe dunduniya, ya sa a naɗe ƙananan shimfiɗu da wayoyin caja da ke ƙasa, kaya kuma a jakar goyo, kar ya ce zai riƙe kofi da sanda lokaci ɗaya.

Ni dai na naɗa tawul a kan sandar ya rage min zafi sosai.

ɗan_fisiyo:

Allah ya ƙara lafiya ɗan uwa, amma tawul ɗin nan ban goyi baya ba. Yana cike gurbin yatsu ukun da Sista ta faɗa, kuma da wurin ya yi laushi sai mutum ya ƙara jin daɗin rataya. In za a sa wani abu mai laushi a sa a mariƙin hannu, shi ma a ɗaure shi kar ya riƙa juyawa.

Maganar bene. Hawa lafiyayyar ƙafa ce gaba, sauka sanduna da mai ciwo ne gaba. Wato in zai hau, sandunan suna nan ƙasa inda yake tsaye, ya danna hannu ya ɗora lafiyayyar a mataki na sama, sannan ya jawo sanduna. In zai sauka ya fara sauke sandunan mataki ɗaya, ƙafar mai siminti tana gaba a sama, sannan lafiyayyar ta biyo. Dalilin kuwa ƙafar da ke sama ita ke ɗaga jiki kuma ita ke riƙe shi wajen saukowa, to mai ƙarfin ce ya kamata ta kasance a sama ko da yaushe. In ya gane dalilin ba sai ya haddace ba. In benen yana da ƙarfen riƙewa ya kama shi da hannu ɗaya ya haɗa sanduna biyun a ɗaya hannun, ya fi aminci. Ke in yana hawa kina bayanshi, in yana sauka kina gabanshi mataki ɗaya ko biyu ƙasa, kullum dai kina ɓangaren da zai faɗo. Kuma ba kunya ba ne ya zauna ya hau da mazaunai mataki-mataki ranar da ya gaji ko babu kowa a gida, na fi son haka da a dawo mana da shi da karaya ta biyu.

Zama ma a koya mishi, mutane suna rainawa. Ya ja baya har ya ji kujerar a bayan lafiyayyar ƙafa, ya cire sandunan daga hammata ya haɗa su a hannun ɓangaren ciwon, ɗaya hannun ya laluba kujera, ya miƙa mai ciwon gaba ya zauna. Kujera mai taya ko mai zurfi sosai a'a.

Amma ƙanwata kar ki kai shi bene ke kaɗai kina ɗaliba, ki sa a kira mu ƴan fisiyo, masu gashin ƙashi, ko ki yi da sistarki. Da wannan hannun ma ni sai na gwada ƙarfin kamunshi tukuna, in ya yi rauni wata ƙila mu canza mishi zuwa mai zobe a hannu wadda ba ta kai hammata, ko keken marasa lafiya na ɗan lokaci.

ɗalibar_nas:

Na gode ƙwarai Allah ya saka. Na je na auna, yatsa ɗaya ma da ƙyar ya shiga, ashe sandar wani dogo ce da aka sallama. Sista ta rage ta da rami biyu ta ɗaga mariƙin. Wuyan hannun yana ɗagawa alhamdulillah, likita ya gani ya rubuta. Tambaya ɗaya ta rage, da ya miƙe da yamma ya ce yana ganin jiri, wannan ma daga sandar ne?

sista_ɗakin_ƙashi:

A'a wannan daban. Wanda ya kwana biyu a kwance in ya miƙe farat ɗaya jini yakan sauka, ga maganin ciwo mai ƙarfi in yana sha shi ma yana sa jiri da barci. Ki zaunar da shi bakin gado ƙafa a ƙasa na ƴan mintuna, ki auna hawan jininshi a kwance sannan a tsaye, in lambar sama ta awon ta faɗi da 20 ko fiye ko ya ce ido na duhu a mayar da shi ki kai rahoto. Ki duba lokacin da ya sha magani kafin ki tashe shi.

Kuma duk sanda ya dawo daga yawo ki ɗaga ƙafar a kan filo ki kalli yatsun: launinsu, ɗuminsu, yana motsa su, yana jin taɓawa, in kin danna farce jinin ya dawo cikin daƙiƙa 2 zuwa 3. Ɗan kumburi bayan tsayuwa ana samu, amma ciwon da ke ƙaruwa magani baya taɓa shi, musamman in kin miƙar da yatsun ya yi ihu, wannan a kira likita nan take ko tsakar dare ne. Haka ciwon ƙirji ko numfashi ya riƙa sama-sama, don jini yana iya daskarewa a ƙafar da ba ta motsi.

Ranar sallama ki sa wanda zai kula da shi a gida ya tsaya ya gani, kuma kar ki tambaye shi ka gane ya ce eh, ki ce tashi ka yi in gani, tashi daga gado, zuwa banɗaki, zama, bene. Ki juya sandunan ki nuna musu robar da kusoshin da ake ɗaurewa, su riƙa dubawa.