Hannun dama ne ya shanye, me ya kai matsalar ɓarin hagu?

Ɗan Gwale:
Assalamu alaikum. Yau sati uku da Baba ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa na Kantin Kwari, yana tsaka da auna shadda. Hannu da ƙafar dama suka shanye. Da aka yi hoton kai, likita ya nuna min wani duhu a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa. Na yi shiru ne kawai, amma anya ba hoton aka juya ba? Sannan in ka ce "Baba ga koko", ya gane, zai miƙo hannun hagu, amma kalma ɗaya ta gagara. In an tada sallah kuwa, tsaf yake kawo Fatiha. Goggo ta dage iska ce.

Nas daga Dorayi:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Ba a juya komai ba. Jijiyoyin da ke sauko da umarnin motsi, yawancinsu suna gittawa ne a can gindin ƙwaƙwalwa, inda ta haɗu da laka. Shi ya sa hagun ƙwaƙwalwa ke sarrafa daman jiki. Magana ma a yawancin mutane hagun ke riƙe da ita. Gurbin da ke harhaɗa kalma yana ta gaba, maƙwabcin mai motsa fuska da hannu, kuma jijiyar jini ɗaya ke shayar da su. Wani likitan Faransa, Paul Broca, ya bayyana shi a 1861, kan wani majinyaci da "tan" kaɗai yake iya furtawa. Gurbin fahimta yana baya, wajen saman kunne, da alama na Baba ya tsira. Fatiha kuwa hadda ce ta tun yarinta, ba sai an ƙera ta sabuwa ba, irinta kan tsira. A gaya wa Goggo cikin ladabi.

Maman Hanifa:
Hajiyarmu ma irin wannan cutar ta same ta, amma a ƙeya, ƙaramar ƙwaƙwalwar nan mai daidaita tafiya. Ƙarfinta na nan, amma sai tangaɗi, cokali ya nufi baki ya sauka a kumatu. Don Allah kada ku riƙa ƙarasa masa magana, ku bar shi ya yi kokawarsa. Ku gwada ƙirga da shi. Maganin hawan jinin nan kuma kar a yi wasa da shi.

Ɗan Gwale:
Na gode ƙwarai. Bayan la'asar na ce "ɗaya", ya karɓa har bakwai. Da na tambaye shi sunana, sai ya kama hannuna ya matse.