Wai waya ta gama da laburare?

Ɗalibin jami'a: Ni dai na faɗa, kuɗin da ake zubawa a ginin laburare asara ce. Abin da zan ɓata awa biyu ina lalube a kantar littattafai, Google zai miƙo min nan take. Ko malamanmu na zaure yanzu manhajar Shamila suke buɗewa a waya, dubban littattafan Larabci a aljihu.

Ma'aikaciyar laburare: Ɗana, Shamila kam ta taimaka, ba musu. Amma duk abin da ka gani a waya, wani ne ya zauna ya shigar da shi shafi-shafi. Namu fa? Fayilolin zamanin Turawa da ke ma'ajiyar tarihi ta Kaduna, rubuce-rubucen ajami na Arewa House, kundayen digiri da ke jibge a laburaren Kashim Ibrahim a Zariya, galibinsu sai ka taka da ƙafarka.

Malamin sakandare: Hajiya, a faɗi gaskiya komai ɗacinta. Laburaren garinmu ƙura ce ke maraba da kai, littattafan kimiyyar sun girmi ɗalibaina, kuma ƙarfe huɗu an garƙame ƙofa. Yaron nan bai yi ƙarya ba.

Ma'aikaciyar laburare: Malam, wannan sakaci ne na masu riƙe da kuɗin, tun kafin waya ta zo haka ake fama.

Mai binciken tarihi: Ku tuna Timbuktu. A Janairun 2013 'yan bindiga suka cinna wa dubban tsofaffin rubuce-rubuce wuta a cibiyar Ahmad Baba. Mafi yawan na garin sun tsira ne saboda mutane sun loda su a akwatunan ƙarfe, ta mota da kwale-kwale, har Bamako. Sai a 2022 Google ya sa shafuka sama da 40,000 a intanet. Da takardar ta ƙone, hoton me za a ɗauka? Mu nan gara da damina ke cin namu a hankali, ba mai ji.

Ɗalibin jami'a: To Baba, ai maganata ke nan. A sayi na'urar ɗaukar hoto da sola, a bar gina katafaren zaure.

Ma'aikaciyar laburare: Wa zai tantance, ya jera, ya rubuta sunan marubuci da shekara har ka iya nemowa? Kuma yarinyar da ba ta da kuɗin data, gidansu ba wuta, ina za ta zauna ta yi karatun JAMB?

Malamin sakandare: Idan za ku buɗe har dare ku sa intanet kyauta, ni da kaina zan kawo 'yan ajina.