Gundura a wurin aiki: kowa ya faɗi yadda ta same shi

Ma'aikacin ƙaramar hukuma: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so mu tattauna wata matsala da mutane ke jin nauyin ambatonta don kada a ce sun butulce wa ni'ima, wato gundura a wurin aiki. Ina matakin albashi na 08 a wata sakatariya, kuma abin da nake yi a yawancin ranaku bai wuce sa hannu a rajistar halarta da jiran fayil ɗin da ba lalle ne ya zo ba. Da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a shekarar 2024 na ɗauka raina zai kwanta, amma ƙosawar tana nan daram, har nakan tambayi kaina ko kuɗin da nake karɓa ya halatta.

'Yar hidimar ƙasa: Wa alaikumus salam, Yaya. Ni kimiyyar harhaɗa sinadarai na karanta, aka tura ni wata ma'aikata inda aikina shi ne ɗaukar hoton takardu da sayo wa manya abinci. Shekara ɗaya ce kawai hidimar, amma ina tsoron ta ƙare ban koyi komai ba, kuma na manta abin da na sani.

Ma'aikacin masana'anta, Sharaɗa, Kano: Malam, tawa ta bambanta da taka, domin mu ba mu san zaman kashe wando ba. Ruwan leda muke ɗurawa, ashirin-ashirin a kowace jaka, tun daga safe har la'asar, injin yana zubowa hannu yana kwasa. Hannuna ya riga ya haddace lissafin, saboda haka ƙwaƙwalwata ba ta da abin yi sai tunane-tunane, kuma a irin wannan lokaci ne na ga abokin aikina ya kai yatsa kusa da wurin da ƙarfe mai zafi ke liƙe ledar bai ankara ba. Mutum yakan koma gida jikinsa a mace, ransa kuma a gundure.

Tsohuwar jami'ar kula da ma'aikata: 'Ya'yana, duk ukunku ciwo ɗaya kuke bayyanawa, kuma ba lalaci ba ne. Tun a 1959 wani masanin halayyar ɗan'adam Ba'amurke, Frederick Herzberg, ya nuna cewa albashi da tsarin ofis da dangantaka da shugaba suna iya rage ƙorafi idan an gyara su, amma abin da ke sa mutum ya so aikinsa shi ne aikin kansa, da nauyin da aka ɗora masa, da yabawa idan ya yi da kyau, da damar ci gaba. Wannan ne dalilin da ƙarin albashi bai warkar da kai ba, kai ma'aikacin ƙaramar hukuma. Batun halacci kuwa, a ganina alhakin ya fi rataya a wuyan wanda ya ɗauke ka aiki ya bar ka a zaune, muddin kana zuwa kuma ba ka ƙin abin da aka sa ka. A Faransa ma, a 2020, kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Paris ta ba wani tsohon ma'aikacin kamfanin turare diyya saboda an daɗe ana hana shi aiki mai ma'ana har lafiyarsa ta taɓu.

Abin da ya fi ba ni takaici a lokacin da nake aiki shi ne ganin matashi mai kaifin basira ya shigo da zumuɗi, sannan a hankali ya koma mai zuwa a makare da tashi bayan azahar, alhali yana iya shafe shekaru 35 a haka kafin ya yi ritaya. A sashena na riƙa juya akawu tsakanin rajista da ɓangaren kuɗi, kuma nakan damƙa wa mutum fayil ya bi shi daga farko har ƙarshe, ya sa sunansa a kai. Waɗanda aka yi wa haka su ne suka fara zuwa da shawarwarin gyara.

Ma'aikacin masana'anta: Hajiya, juyin nan shi muke roƙo. Da za a riƙa mayar da mu wurin lodi ko duba inji ko da na mako guda ne a wata, da rabin waɗanda suka ajiye aikin ba su tafi ba. Gobe zan tara abokan aikina mu kai wa manaja wannan buƙata a rubuce.