Na je garin mahaifina a Adar, an ce mini "ku maƙera ne". Wa zai warware mini?

Ɗan Kurna:

Assalamu alaikum. Ina neman wanda ya san ƙasar Adar ciki da bai, musamman ƙauyukan da ke tsakanin Keita da Tamaske a jihar Tawa ta Nijar, don kaina ya ɗaure.

A Kano aka haife ni, gyaran waya nake yi. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ya baro gida a 1984, shekarar yunwar da mutanen can suke kira El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Ta daji ya biyo. Cin rani ya zo, ranin bai ƙare ba har ya koma ga Allah. Ya yi ga-ruwa, ya yi shayi, ya ƙare da rumfar kayan gini. Bai taɓa ce mana komai game da asalinmu ba, ban da "mu Adarawa ne".

Bayan ƙaramar Sallah Baffana ya aiko a kan maganar gona, na shirya na tafi. Abin da suke kira "garinmu" ashe gari biyar ne, duk tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a ƙafa ba. Kasuwa ɗaya suke ci, masallacin Juma'a ɗaya. Akwai babban gari a bakin fadama inda ake noman albasa, nan mai gari yake. Akwai wani a kan tudu cikin duwatsu, in ka taka ƙasarsu tsakuwa ce zalla. Akwai zangon malamai, akwai rugar Fulani ta gabas, sai wata 'yar tunga ta mahauta da majema a bakin hanya. Gidanmu yana babban garin, amma can ƙarshe, bayan kududdufi.

Ina shiga zaure na ga Baffa zaune a ƙasa, ƙafa ɗaya a miƙe, yaro yana zuga masa zugazugi, shi kuma ya riƙe bakin hauya da awartaki yana dukansa a kan uwar maƙera. Wallahi sai da na tsaya. Irin zaman nan mahaifina yake yi in zai gyara wani abu, ƙafa ɗaya a miƙe. Shekara 31 ban san daga inda ya samo shi ba.

Kuskure biyu na yi a kwana 9. Na farko, a majalisar shayi na ce wa wani dattijo mai rawani daga garin tudu, "Buzu, a ƙaro mini na biyu." Mu a Kano haka muke cewa, ba komai ba ne. Wurin ya yi tsit. Mutumin ya zuba mini shayin, ya naɗe tabarmarsa ya tafi. Na biyu, na ga wata yarinya a gidan ƙanen mai gari, ta yi karatun koyarwa a Tawa, muka gaisa sau uku. Na gaya wa Goggo. Ta yi dariya har da tari, sannan ta ce, "Ɗan nan, ka san ko kai wane ne? Ku maƙera ne. Ruwansu za ka sha, tuwonsu za ka ci, amma ɗiyarsu ba ta shiga gidan wuta."

To wane ne wane a ƙasar nan? Wa ke sama da wa, kuma wa ya tsara haka? Me ya sa kalmar Buzu ta zama zagi? Kuma maganar yarinyar, in bari ko in aika?

Tsohon Malamin Lakwal:

Wa alaikumus salam. Ɗana, sannu da hanya, Allah shi gafarta wa mahaifinka. Shekara 28 na yi ina koyarwa ƙauyukan Keita da Buza, abin da ka gani na gane shi ko ba ka faɗi sunan garin ba.

Abu biyu ne sunka haɗu sunka cakuɗe maka, sai ka raba su. Akwai tsarin Abzinawa, akwai na Hausawa.

Waɗanda anka tarar cikin duwatsun Adar su ne Azna, manoma da mahalba, masu tsafin ƙasa. Jikokinsu yau musulmi ne, amma kowa ya san gidan da ke da "ƙasa". In kana son ganin sauran abin, ka tafi Masalata kusa da Ƙonni lokacin da suke duban shekara. Wajen ƙarshen ƙarni na 17 Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci Adar da yaƙi, zuriyarsa ce ke sarautar Adar a Illela har gobe. Sarautar Keita kuma tana hannun Lisawan, su ma tushensu Abzin ne, ko da yake Hausa suke yi yanzu. Daga baya wasu ƙabilun Abzinawa, Kel Geres, sunka mamaye kudu wajen Madawa, 'yan uwansu Iwillimmeden sunka riƙa saukowa daga arewa suna karɓar hatsi. Manomin Adar ya daɗe shina noma wani na aunawa.

Su Abzinawa jama'arsu hawa-hawa ce. Imajeghen su ne masu takobi da raƙumi. Imghad 'ya'ya ne amma suna biyan masu takobi. Ineslemen malamai, ina zaton su ne zangon da ka gani. Inadan maƙera, mazansu ƙarfe da azurfa da icce, matansu fata, har suna da wata magana tasu da suke yi in ba su son uban gida shi ji. Can ƙasa sai iklan, bayi, da waɗanda anka 'yanta tun da daɗewa. Ku a Najeriya duk mai rawani da takobi Buzu ne, mai gadi ne ko sarki ne. Nan Adar in ka ce Buzu ko Bugaje, abin da kunne ke ji shi ne "jikan bawa". Ka gane abin da ka ce wa dattijo gaban mutane.

Dubi kuma inda garinsu yake. Nasara ya hana bauta a takarda tun 1905, amma sai bayan da anka karya Abzinawa a yaƙin Kawsan na 1916 zuwa 1917 mutane sunka samu sararin barin iyayen gidansu da yawa. Sun sauko neman gona, sun tarar fadama tana da masu ita. Abin da ya rage shi ne fako da tsakuwa. Shi ya sa gari ke bisa tudu. Kuma shi ya sa, lokacin da anka buɗe aikin Keita a 1984 da kuɗɗin Italiya, ana jera duwatsu ana dasa icce ana biyan mutane da abinci, mata ne sunka fi yawa wurin aikin, mazansu sun tafi bida Najeriya da Kodebuwa da Libiya. Na gan su da idona, goyo a baya, dutse a ka.

Naku daban ne. Maƙerin Bahaushe ba bawa ba ne, kar kowa shi ce maka haka. Sana'ar gado ce, kamar fawa da wanzanci da jima da roƙo. Manomi ba ya shiga gona sai da hannunku, in kaka ta yi a da damen hatsi ake kai wa maƙeri ladan gyaran shekara. Ana jin tsoronku don an ce wuta na jin maganarku, wanda ya ƙone gidanku ake kai shi. Tsoro da buƙata da raini wuri guda suke kwana. Kuma tun da Adar ta zauna da Abzinawa ɗaruruwan shekaru, ƙyamar auren inadan ta shafi duk mai riƙe masaba, ta fi abin da za ka gani a Kano tsanani.

Abin dariyar, maƙera da Buzaye abokan wasa ne. Da dattijon ya san ɗan gidan wa ne kai, da ramawa zai yi, shi ce kai ne bawansa, a yi dariya a tashi. Ya ɗauke ka baƙo ɗan birni mai wulaƙanci. Ka sayi sukari da ganyen shayi, ka sa Baffanka gaba, ku hau tudun.

Maganar yarinya ba ni cewa komai. Na ga wanda anka ba, na ga goma da anka hana.

'Yar Tudu:

Baba Malam, Allah ya ƙara girma, bayaninka ya yi, amma ka yi shi da sanyi irin na wanda abin bai taɓa ci ba. Wasan da kake faɗa, mu ba kullum yake ba mu dariya ba.

Ni daga irin garin tudun nan na fito, ba wancan ba, wani wajen Madawa. Ungozoma ce ni yanzu. Kakata har ta rasu, in wani tsoho ya zo daga arewa a kan raƙumi, sauka take daga gado ta zauna ƙasa, ta ba shi akuya in ya nuna. Ba ya da ko takalmin kirki, mu muke ciyar da shi, amma ita a ranta aljannarta tana hannunsa. Haka aka gaya mata tun tana yarinya. Ranar da babana ya ce ba za a sake ba shi ko kaza ba, kwana biyu ba ta ci abinci ba.

Kuma kar a ce labarin da ne. Sai a 2003 Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuka, ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Hadijatu Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a 1996 a kan jika 240 na sefa, aka kai ta gidan wani a matsayin wahaya, wato mace ta biyar da ba a ɗaura wa aure. A nan ƙasar Ƙonni aka yi, ba a wata duniya ba. Sai da ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta ta tsaya mata, kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta yanke a watan Oktoba 2008 cewa gwamnati ta kasa kare ta, a biya ta sefa miliyan 10.

Ɗan Kurna, ga abin da nake so ka ji. Kai an hana ka ɗiyar gidan sarauta, ranka ya ɓaci. Ka tambayi Goggonka, in ka ce ɗiyar garin tudu kake so, me za ta ce? Ina rantsuwa wata dariyar za ta yi har da tari. Maƙeri ba ya ba mahauci, mahauci ba ya ba mu, mu kuma a cikinmu wanda aka 'yanta kakansa tun da can yana ɗaga wa wanda aka 'yanta jiya hanci. Ni da na yi aure a Maradi, dangin mijina sai da suka aika mutum har garinmu ya binciko. Mijin ya tsaya, aka ɗaura. Shekara 11 ke nan, uwar mijina ba ta taɓa faɗa mini baƙar magana ba, amma ranar sunan ɗana na fari na ji wata a bayan ɗaki tana cewa "Allah ya sa ya biyo uban."

Mahaifinka da ya yi shiru, ni na gane shi. Mutane da yawa da suka tafi cin rani ba yunwa kaɗai suka gudar wa ba.

Almajirin Sakkwato:

Malam Ɗan Kurna, ta fuskar shari'a ba ka da matsala. A mazhabar Malikiyya da muke bi, abin da ake dubawa a dacewar miji shi ne addininsa da kuɓutarsa daga aibin da ke hana zaman aure. Aya ta 13 a Suratul Hujurat kowa ya haddace ta. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Banu Bayada su aurar wa Abu Hind, shi kuwa mai yin ƙaho ne, wanzami ke nan a namu. Zaidu bin Harisa 'yantaccen bawa ne ya auri Zainab 'yar Jahshi, 'yar goggon Annabi. Annabi Dawuda kuwa Allah ya tausasa masa ƙarfe yana ƙera sulke.

Sai dai waliyyi ne ke bayarwa, kuma na sha ganin liman ya karanta ayar nan ran Juma'a, ran Asabar a zo neman 'yarsa ya ce a dakata a yi bincike. In za ka aika, ka aika da malamin da gidan suke jin nauyinsa, kar ka tura 'yan uwanka su kaɗai.

Jikan Sarkin Fawa:

Kai ɗan'uwa, wai a Kano babu? Don kana gyaran waya ne ba wanda ya tambaye ka. Ni a Katsina aka fasa ba ni mata saura sati uku, an kai lefe an dawo da shi, don wata tsohuwa ta tuna kakana yana da rumfa a mahauta. Uban yarinyar kuma duk yamma yana layin tsirenmu.

Ɗan Kurna:

Na gode ƙwarai, Baba Malam. Sukari da shayi na riga na aika ta hannun direban da ke zuwa Tawa, Baffa ya ce zai hau da kansa, in na dawo da kaka mu koma tare.

Yaya 'Yar Tudu, maganarki ta hana ni barci. Na kira Goggo jiya da dare na yi mata tambayar, kamar da wasa. Ba ta yi dariya ba. Cewa ta yi, "A'uzubillahi, kar in sake ji," ta miƙa wa Baffa wayar.

Shi kuma da na matsa masa a kan dalilin tafiyar mahaifina, ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Sannan ya ce yunwa ce, amma kafin yunwar akwai wata yarinya a babban gari, a gidan da ke kallon masallaci. Na ce wane gida? Ya ce in bari sai na zo, cajin wayar ya kusa ƙarewa.