Ina son saya wa uwargida fistol (ƙaramar bindigar hannu) a matsayin kyauta, wacce ce ta dace?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka daɗe a ƙasar nan. Ni ina Houston a jihar Teksas ta Amurka, uwargida nas ce aikin dare take yi, wani lokacin sai safe take dawowa wani lokacin kuma a sallame ta wajen ƙarfe uku na dare. Tun da muka koma wannan unguwar hankalina bai kwanta ba, dama ba da son raina muka tashi daga tsohon gidan ba, mai gidan ne ya ƙara kuɗin haya ba gaira ba dalili, muka yi ta neman wuri kusa da masallaci da makarantar yara ba mu samu ba sai wannan da wani abokina ya nuna min, gidan ba laifi ɗaki uku ne amma wajen ajiye motoci yana can bayan gini kuma fitilar wajen ta mutu, na yi sintiri ofishin masu gidan har na gaji kullum za a gyara za a gyara. Watan jiya aka fasa gilashin motar maƙwabcinmu. Makon da ya wuce kuma ta dawo da dare ta tarar da wani mutum tsaye jikin matattakala ya ja hular rigarsa ya rufe fuska, bai ce mata uffan ba, amma ta iso ƙofa hannunta na karkarwa ta kasa zura makulli sai da na buɗe mata. Ni kuma babbar mota nake ja, sai in yi kwanaki ba na gida.

Shi ne na yanke shawarar saya mata fistol, wata mai kamawa ranar aurenmu za ta zagayo ina so in yi mata ba-zata. Na leƙa shago na ga wata 'yar mitsitsiya Ruger LCP, ba nauyi ko kaɗan, za ta shige jakar hannunta. Mai shagon ya kuma nuna min Glock 43 da Sig P365. Abin da na ware dala 600 ne. Wacce ta dace da mace mai ƙaramin hannu?

Maman Sadik: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara tsarewa. Ita ta ce maka tana so?

Alhaji na Dallas: Baban Hanifa ka zo inda ya dace, ni wannan harkar na daɗe a cikinta. Ka manta da LCP ɗin nan tukuna. Kuskuren da kusan duk magidanci yake yi ke nan, ya ga 'yar ƙarama ya ce ai ta mata ce. Duk ƙanƙantar bindiga da rashin nauyinta haka take ƙara dukan hannu, saboda babu ƙarfen da zai shanye ƙarfin harbin, tafin hannun mai harbi ne zai shanye. Ga mariƙin gajere, ƙaramin yatsa ma ba shi da wurin zama. Za ta harba sau biyu ta ajiye ba za ta ƙara taɓawa ba. Abu na biyu, kafin harsashi ya hau sai an ja saman bindigar baya da ƙarfi, mutane da yawa nan suke kasawa. Kamfanin Smith & Wesson sun yi wata takanas saboda haka, Shield EZ, jan nata da laushi, jera harsashi ma da sauƙi, akwai mai cin harsashin .380 akwai mai cin na 9mm wanda ya fi ƙarfi, kuma kuɗinka zai isa.

Ta ɓangaren doka ba matsala. A shago za ka cike fom 4473 na sayen bindiga, su tura sunanka FBI ta duba. Akwai tambayar ko kai ne ainihin mai saye, in dai kuɗinka ne kuma kyauta ce tsakani da Allah to kai ne mai saye. Abin da ke kai mutum gidan yari shi ne wani ya ba ka kuɗi ka saya masa da sunanka. Sannan a Teksas tun 1 ga Satumba 2021 wanda ya kai shekara 21 kuma doka ba ta hana shi ba yana iya yawo da fistol ba lasisi. Amma ni ina cewa ta yi lasisin, darasin awa 4 zuwa 6 ne da gwajin harbi, a nan za ta san inda aka yarda da inda ba a yarda ba.

Ɗan Bronx: Ku 'yan Teksas kuna shan sha'aninku wallahi. Mu nan New York ba ka isa ka ajiye fistol ko a cikin ɗakinka ba sai da lasisi, balle ka naɗe ta a takarda ka miƙa wa madam. Ni da aka ɗora wa wuƙa a wuya cikin tasi aka kwashe cinikin yini guda har da wayata, na je na kai rahoto aka ba ni 'yar takarda, shi ke nan maganar ta mutu. Kuma kai da kake jan babbar mota, kada watarana ka ce bari ka ɗauke ta ka taho da ita nan ko New Jersey, za ka kwana a hannu.

Baban Iman: Ni dai a ganina ka saya mata mai juyawa, rifolba .38, ba ta cijewa ba wani ja baya, ka danna kawai ta tashi.

Alhaji na Dallas: A'a Baban Iman, wannan tsohuwar magana ce. Ƙananan rifolba kunamarsu tauri gare ta, kafin ta ja ta ƙare bakin bindigar ya kauce daga inda ta auna, ga dukan hannu, ga harsashi biyar kacal. Ni ban taɓa ba sabon shiga wannan shawarar ba.

Anti Nas: Ni abokiyar aikinta ce a sana'a ko da ban san ta ba, bari in faɗa muku abin da ba ku duba ba. Asibiti ba za ta shiga da bindiga ba, ga allon gargaɗi nan a bakin ƙofa, kuma aikinta ne zai tafi. Ke nan a mota za ta bar ta tun yamma har asuba. Na san dokar Teksas ta yarda ma'aikaci ya kulle bindigarsa cikin motarsa a wajen aiki, to amma kai da bakinka ka ce ana fasa motoci, masu fasawar nan me suke nema in ba irin wannan ba? Sannan ka san yadda mutum yake fitowa bayan awa goma sha biyu a tsaye? Ni akwai ranar da na zauna a mota na rasa ta wace hanya zan bi gida tsabar gajiya. Wannan ce za ta zuge jaka a cikin duhu, ta lalubo bindiga tsakanin makulli da caja da man shafawa?

Kuma ku maza wannan ɗabi'ar ta yanke hukunci ku kaɗai sannan a kira shi kyauta tana ci min rai. Nawa maigidan haka ya je ya karɓo mota bashi wai ya yi min ba-zata, motar da ban iya fakin da ita ba saboda girma, har yau ni nake biyan rabin kuɗin wata, in na yi magana a ce ban da godiya.

Baban Hanifa: Anti na ji maganarki amma ba ɗaya ba ne. Ni na san matata, in na tambaye ta cewa za ta yi a'a don kada in kashe kuɗi, komai haka take yi, wayar da take riƙe ma sai da na saya na ajiye mata sannan ta karɓa. Maganar mota kuma akwai ɗan akwatin ƙarfe da ake ɗaurewa ƙarƙashin kujera na gani a shagon. Ni ba wai ina so ta harbi kowa ba ne, so nake in ina hanya in san tana da abin kare kanta.

Kawu Atlanta: Ɗana, wace takarda take da ita? Ba ka faɗa ba. Mai girin kad, wato takardar zaman dindindin, yana iya mallaka, amma wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara dokar tarayya ta hana shi sai da 'yan togaciya kaɗan. Kuma ka sani mai girin kad in kotu ta same shi da laifin da ya shafi bindiga ana iya mayar da shi gida, ko da kuskuren shiga da ita inda aka hana ne ya jawo. Sannan in kai kana hanya ita tana asibiti, wa yake kwana da yaran?

Baban Hanifa: Kawu girin kad gare ta, ni kuma na zama ɗan ƙasa. Yaran ƙaninta ne yake kwana da su, yana karatu a nan yana zaune wajenmu. Yara uku ne babbar shekararta tara.

Kawu Atlanta: To ka ga inda gizo ke saƙar. Yaron nan in bizar karatu gare shi, bindigar da hannunsa zai iya kaiwa gare ta a gida tana iya jefa shi cikin matsala. Ka ga lauya kafin ka ga mai shago.

Alhaji na Dallas: Kawu da girmanka, wannan ba abin tayar da hankali ba ne. Akwati mai buɗewa da zanen yatsa, nata da nasa kawai, an gama. Dama dole ne, a Teksas laifi ne ka bar bindiga da harsashi a ciki inda yaro ɗan ƙasa da shekara 17 zai ɗauka. Ni yarana sun tashi sun gan ni da ita ba wanda ya taɓa kusantar akwatin. Mutanenmu tsoro ya yi mana yawa, shi ya sa ɓarayi suka raina mu, sun san baƙo ba ya ajiye komai. Baban Hanifa abu ɗaya zan gyara maka, bindiga kamar takalmi ce mai sawa ne yake gwadawa. Ka kai ta filin koyon harbi, ana ba da haya, ta harba uku ko huɗu ta ɗauki wadda ta zauna mata a hannu. In ba-zatan kake so ka sa katin kyauta na shagon a ambulan.

Maman Sadik: Alhaji naka yaran Allah ne ya tsare. Alƙaluman CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, sun nuna a 2020 bindiga ta wuce haɗarin mota wajen kashe yara da matasa a Amurka, kuma fiye da rabin masu mutuwa da bindiga a ƙasar nan su ne suka harbe kansu. Wannan ba maganar tsoro ba ce. A gyara fitila, a sa kyamara, ta riƙe barkonon fesawa, ƙanin nata ya riƙa saukowa yana tarar ta, duk ba a gwada ba an tsallaka sai fistol.

Ɗan Gusau: Ni ina karantawa ne raina na ƙuna. Ku kuna zaɓen wacce ta fi laushin ja, mu a gida Najeriya fistol tana cikin makaman da doka ta haramta wa farar hula, amma ɗan bindiga yana yawo da AK-47 a kan babur da rana tsaka. A 2022 gwamnatin Zamfara da kanta ta ce mutane su nemi lasisi su kare kansu, ina aka kwana? Ƙauyen kakannina yanzu ba mai noma sai ya biya. Wanda yake inda doka ta ba shi dama ya saya kawai.

Malam na Masallaci: Kare iyali wajibi ne babu ja, kuma ya tabbata cewa wanda aka kashe wajen kare iyalinsa ya yi shahada. Amma akwai hadisin da ya ce bai halatta Musulmi ya firgita Musulmi ba. Baiwar Allah da ba ta gama farfaɗowa daga tsoro ba, ta buɗe kwali tana zaton turare ta ga bindiga, ka yi tunani a kai. Ka yi istihara, ka yi shawara da ita.

Baban Hanifa: Malam na gode. Gaskiya ba ta son ƙara, ko ranar 4 ga Yuli da ake wasan wuta ɗaki take shigewa ta rufe taga, saboda abin da ya faru a garinsu tana yarinya wanda ba zan kawo a nan ba. Amma ni a ganina shi ya sa ma ya kamata ta koya, in ta riƙe da hannunta tsoron zai fita. Katin kyauta kuma in na ba ta ba za ta je ba, zai zauna a durowa.

Maman Sadik: Innalillahi. Yanzu duk da wannan? Haba Baban Hanifa. In kai kake so ka saya wa kanka, kada ka rataya mata.

Baban Hanifa: Ni ai ba na gida Maman Sadik, in na saya wa kaina wa za ta amfana? Ku ba ku ga yadda ta shigo ranar ba. Alhaji in na saya ba ta yi mata ba suna karɓa a canza?

Alhaji na Dallas: Yawancin shaguna in ka cike fom ka fita da ita ta zama ta hannu, sai dai su saya a wajenka da ragi. Ka tambaye su kafin ka biya.

Anti Nas: Tana cikin zauren mata? Ina so mu gaisa, ba zan yi mata zancen kyautar ba.

Baban Hanifa: A bar ta tukuna Anti. Asabar zan koma shagon in duba EZ ɗin da akwatin. Alhaji ta .380 ko ta 9mm?

Alhaji na Dallas: In ita za ta riƙe .380, ta fi laushi. In kana ganin a hannunka za ta ƙare ka ɗauki 9mm, harsashinta ya fi araha. Kira ni bayan isha'i.