A taɓa PLC daga nesa ko sai an tsaya gaban inji?

Ɗan Ikorodu: Salam jama'a. Ni fa ina nan kan bakana, zamanin da injiniya zai taso daga Ikorodu ya maƙale bayan tireloli a hanyar Apapa don kawai ya canza lokacin taima ɗaya a cikin PLC (ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa inji a masana'anta) ya wuce. Ka sa rauta mai VPN (keɓantacciyar hanyar shiga ta intanet) a cikin fanel, ka buɗe TIA Portal, manhajar Siemens ta rubuta wa PLC firogiram, daga ɗakinka, kafin shayi ya huce ka gama. Inji na tsaye kamfani na asara kai kuma kana goslo, wa aka taimaka?

Baban Ilupeju: Wa'alaikumussalam. Yaro, dubawa daga nesa ban ƙi ba, ka ga wane sensa ne ya mutu ka faɗa wa na kusa ya canza. Amma loda firogiram daga nesa, a'a. Akwai canjin da in ka tura, CPU, wato ƙwaƙwalwar PLC ɗin, sai ta koma STOP, komai ya tsaya cak, ma'aikaci ya ga bel ya tsaya ya zura hannu zai ciro kwalbar da ta faɗi, kai kuma daga gida ka mayar da ita RUN. Ka gan shi? Ba ka gan shi ba. Wannan shi ne abin da ke hana ni barci, ba kuɗin kamfani ba.

Ɗan Ikorodu: Baba ai ana kira a waya kafin a tayar

Baban Ilupeju: A cikin ƙarar janareta da kwamfuresa? Mutum zai ce maka eh alhali bai ji me ka ce ba.

Injiniya ta Ikeja: Ku bari in shigo. Yaya na Ikorodu kana magana kamar duk masana'antun Legas S7-1500, sabon samfurin PLC na Siemens, suke da shi, alhali mu nan tsohon samfurin S7-300 ne ke riƙe da layi, wasu CPU ɗin ko ramin kebul na netwok ba su da shi sai tsofaffin hanyoyin haɗi na MPI da Profibus, kuma tsohuwar laftof mai Windows XP ce kaɗai ke ɗauke da manhajar Step 7 ɗin da ke magana da su, XP ɗin da Microsoft ta daina kula da shi tun 2014. Mitocin wuta da inbatoci kuma Modbus, wani yaren sadarwa na na'urori, suke ji a kan waya biyu ta RS-485. Modbus tun 1979 aka yi shi, ba ya tambayar kalmar sirri, ba ya tambayar kai waye, duk wanda ya iso gare shi ya ce rubuta sai ya rubuta. To ka sayo akwatin da ke juya shi zuwa Modbus TCP, wato na netwok, ka jona da intanet, wlh ka buɗe wa duniya ƙofa.

Haɗin kansa ma ba wasa ba ne fa. Takardar mita ta ce rijista 40001, wato gidan da lambar ke ajiye, sabuwar manhaja kuma daga sifili take ƙirga, sai ka ga kana karanta ta maƙwabta. Ko lambar ta zo gida biyu a juye, zafin tanki ya fito wani adadi da ba shi da kan gado. In kana wurin za ka kalli ma'aunin zafin da ke jikin tankin ka gane ƙarya allo yake yi, daga gida fa?

Malam na Agege: Hajiya maganarki gaskiya ce amma raba inji da intanet ma ba kariya ba ce. Stuxnet, ƙwayar cutar kwamfuta da aka gano a 2010, tashar nukiliya ta Natanz a Iran ya lalata wa injina, PLC ɗin Siemens ya nufa, kuma ta filasha yake yaɗuwa. Mu nan ɗan kwangila na yawo da filasha ɗaya daga wannan kamfani zuwa wancan ba mai ce masa uffan.

Injiniya ta Ikeja: Haka ne Malam. Amma ka tuna Yukiren a Disamban 2015, ta hanyar shiga daga nesa ɗin da ma'aikata ke amfani da ita maharan suka bi suka buɗe birekokin kamfanonin wutar lantarki, mutane sama da 200,000 suka yi awoyi a duhu. Kuma a wani wuri da na yi aiki AnyDesk, manhajar shiga kwamfuta daga nesa, aka bari a kunne dare da rana a kwamfutar SCADA mai lura da injina, kalmar sirrin a manne jikin allo.

Ɗan Ikorodu: To wannan sakaci ne ba laifin fasaha ba. Kowa da asusunsa, da lambar tabbatarwa a waya, a raba netwok ɗin ofis da na inji, a ajiye kwafin tsohon firogiram kafin a taɓa komai. Masu ƙera injinan nan daga Jamus da Italiya ai haka suke duba mana, ko kuna so a riƙa biyan kuɗin jirgi da otal da Yuro saboda matsalar awa ɗaya?

Baban Ilupeju: Netwok ɗin fa? Maris 2024 da kebul ɗin ƙarƙashin teku suka yanke har bankuna sun sha wuya. Ya yanke maka kana tsakiyar lodi, CPU na STOP, wa zai tayar?

Malam na Agege: Ni abin da na gani ya yi min shi ne makulli a ƙofar fanel, rauta ba ta samun wuta sai mai kula da shif ya murza da hannunsa, yana tsaye kusa da jan maɓallin tsayarwa har a gama, sannan ya zare makullin ya sa aljihu.

Baban Ilupeju: In da mutum a tsaye na yarda a canza taima da saitin zafi. Abin da ya shafi da'irar kariya da ƙofofin inji kuwa ko da makulli goma ne sai an zo.

Ɗan Ikorodu: Na kariya na bar maka Baba, sauran ban janye ba. Hajiya wane akwatin haɗi da netwok ake sa wa S7-300 irin naku na MPI? Akwai layin da nake so in gwada ran Asabar in an kashe inji.